Gonar da Baba Ya Ƙi Rantsewa a Kanta

Shekarar da sojoji suka fito da sabuwar dokar ƙasa ina Kano, ban daɗe da fara aikin lauya ba, a ƙarƙashin wani babban lauya da ke tura mini duk shari'ar da ya gaji da ganinta. Dokar ta ce ƙasa ta koma hannun gwamna, yana riƙe wa jama'a amana, kuma manomin karkara da ke kan gona yana nomanta zai ci gaba da riƙonta kamar ƙaramar hukuma ce ta ba shi. Mu lauyoyi muka yi ta tayar da jijiyar wuya a kan abu guda: wanda aka ba aron gona fa? Shi ke noma, amma ba tasa ba ce. Wasu suka ce dokar ta mai da shi mai gona, wasu suka ce faufau. Babu kotun da ta raba wannan gardama a lokacin. Ina cikin masu cewa faufau, kuma ina faɗa da ƙarfi, don gardamar da ba ta shafi mutum ba daɗi gare ta.

A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Sule Tankarkar, ba a yi wannan dogon turanci ba. Wanda ya ji a rediyo ya gaya wa wanda bai ji ba, kafin magana ta kai bakin rijiya ta koma jimla ɗaya: gona ta mai nomanta ce.

Wata ranar bazara ƙanena ya iso ofis, ya ƙi zama a kujera, ya tsuguna a bakin ƙofa. Shi ne ya zauna gida da Baba yana noma lokacin da aka tura ni makaranta, kuma duk abin da na ci a shekarun karatu guminsa na ciki. Ya ce mini gonar gindin gawo tana neman fita daga hannunmu.

Gonakin Baba biyu ne. Ɗaya jigawa ce mai nisa, rairayi zalla, wadda in ta ba da abin da zai kai gida watan azumi sai a gode wa Allah. Ɗayar ita ce ta gindin gawo, a bayan gari, inda shanun Fulani suke kwana tun zamanin kakanmu har ƙasar ta yi baƙi. A shekarun fari, da dabbobi suka ƙare a arewa, wani aminin Baba ya tsallako iyaka ta Maigatari da iyalinsa, ba su da komai sai jaki ɗaya da tabarmi. Tare suka yi fatauci suna samari. Baba bai yi shawara da kowa ba ya ɗauki gonar mai kyau ya ba shi aro, a gaban liman da wani dattijo maƙwabcinmu, ya koma jigawa da ƙanena. Yanzu aminin ya rasu, ƙanena ya yi aure har da 'ya'ya biyu, jigawa ba ta ciyar da gida biyu. Da Baba ya aika a gaya wa babban ɗan mamacin cewa bana za mu karɓi gonarmu, sai yaron ya aiko da gaisuwa mai kyau, ya ce gonar kyauta ce aka yi wa mahaifinsa, kuma ko ba haka ba, gwamnati ta riga ta yi magana. Shi ne Baba ya kai ƙara kotun alƙali.

Tambayar farko da na yi wa ƙanena ita ce ta dami. A wajenmu wanda aka ba aron gona yakan ɗauki damin gero ɗaya kowace kaka ya kai wa mai gona. Ba haya ba ce, dami ɗaya me zai yi wa mutum. Ana ɗaukarsa a ka, da rana tsaka, a bi ta tsakiyar gari, don kowa ya gani ya tuna gonar wa ce. Ƙanena ya sunkuyar da kai, ya ce shekarar farko an kawo, Baba ya sa shi ya mayar, don kakar ba ta yi kyau ba kuma yaran mutumin suna kwana da yunwa. Shekara ta biyu ma an kawo, ya sake mayarwa. Daga nan ba a ƙara kawowa ba. Kuma da rana ya mayar, ta tsakiyar gari, don bai ga abin ɓoyewa ba.

Gari duka ya ga dami ya je ya dawo, kuma a al'adarmu mai gona ba ya mayar da dami sai in ya sallama gonar.

Na bi shi gida a motar Gumel. Na tarar da Baba a zaure yana gyaran igiyar guga, hankalinsa kwance kamar ba shi ya kai ƙara ba. Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kiran sunana ba, tun da na gama karatu kuwa sai ya samu abin tsokana, ya koma ce mini Lauya. Na fara yi masa faɗan dami, faɗan da ɗa zai iya yi wa uba, ido a ƙasa murya a sama. Ya bari na gama, sannan ya tambaye ni ko da ni ne zan iya cin tuwon geron mutumin da 'ya'yansa ke tsintar ganye. Haushina bai ragu ba. Na ce masa ai da ya karɓa da rana, ya aika masa da biyu bayan an watse. Ya ce wannan dabarar 'yan boko ce.

Na zauna na shimfiɗa masa yadda shari'ar take. Yaron ne ke kan gona, don haka mu ke da nauyin kawo shaida. Shaidu biyu ake so. Liman ya rasu. Dattijon maƙwabcinmu ya koma wajen 'yarsa a Gagarawa Tasha, ba mu ma san ko yana da rai ba. In muka same shi, shaida ɗaya ke nan, kuma a shari'ar dukiya shaida ɗaya sai an cika shi da rantsuwar mai ƙara. In mai ƙara ya rantse, gona tasa ce. In ya ƙi, rantsuwa ta koma kan wanda ake ƙara, in shi ya rantse magana ta ƙare.

Baba ya ajiye igiyar. Ya ce shi bai taɓa ɗora hannu a kan Alƙur'ani saboda abin duniya ba, ubansa ma bai taɓa ba, kuma ba a kan ƙasa zai fara ba da furfura. Na ce masa rantsuwar gaskiya ba laifi ba ce, malamai ma sun faɗa. Ya ce ya sani, ba haramci yake nufi ba, girman Littafin yake gani. Sannan ya kawo abin da ya dogara a kai. Wai in ya ƙi, aka juya wa yaron, yaron ma zai ƙi, don babu ɗan halas da zai yi alwala ya rantse a kan maganar aminin ubansa. In duka biyu suka ƙi sai manya su shiga tsakani, a bar wa yaron wani yanki ya noma, a dawo mana da saura, kowa ya tashi da mutuncinsa. Haka ya ga ana yi tun yana yaro.

Na san yaron. Lokacin da aka ba da aron ba ya nan, yana yaron mota tsakanin Damagaram da Maigatari. Yanzu shi ke tuƙa babbar motar wani attajiri, wadda su can suke kira kamyo. Ba mutumin banza ba ne, kuma wannan ne ya fi tsorata ni. Maƙaryaci yana iya jin tsoron Alƙur'ani ya ja da baya. Shi kuwa uwarsa ta gaya masa an mayar da dami sau biyu, mutanen gari sun gaya masa sun gani, ya yarda har zuciyarsa cewa kyauta ce. Na faɗa wa Baba haka. Ya ce ban san mutane ba, takarda na sani.

Dattijon mun same shi a Gagarawa, zaune a inuwar wata rumfa kusa da layin dogo, idonsa ya tafi amma hankalinsa garau. Ya tuna ranar, ya tuna har inda liman ya tsaya. Ya ce aro ne, da kunnensa ya ji. Ƙanena ya goyo shi a babur ɗin haya, ni ina biye a wani, ina addu'a kada rairayin hanyar nan ya kayar mana da shari'a.

A wancan zamanin doka ta hana lauya buɗe baki a kotun alƙali. An daina kiransu kotunan En'e, sun koma ƙarƙashin gwamnatin jiha, amma wannan hani yana nan daram, kuma mu matasan lauyoyi muna ta ƙorafi a kansa a Kano. Ranar shari'a na bar kwat a gida, na sa babbar riga da hula, na nemi alƙali ya bar ni in tsaya a matsayin wakilin mahaifina. Tsoho ne mai fara'a, ya san ko ni wane ne tun kafin in gaishe shi. Ya ce da tela ne ni ko mahauci da ya yarda, amma lauya ba ya daina zama lauya don ya sauya riga, kuma ga mai ƙara nan da bakinsa. Aka yi dariya. Na koma benci na zauna kusa da ƙanena.

Yaron ya fara da maganar sabuwar doka. Alƙali ya ɗaga hannu, ya ce ya ji labarinta, kuma manyan Kano ma ba su gama fahimtar juna a kanta ba. Shi dai abin da ke gabansa guda ne: in aro ne a mayar, in kyauta ce a bari. Na ji sanyi a raina, don wannan ita ce matsayata a gardamar ofis. Dattijonmu ya ba da shaida bai yi tuntuɓe ba. Yaron ya kawo mutum biyu da suka ga dami ya koma, amma da alƙali ya tambaye su ko sun ji an ce kyauta, suka ce ba su ji ba, gani suka yi. Alƙali ya ce wannan alama ce, ba shaidar kyauta ba ce. Komai yana tafiya yadda nake so, saura abu ɗaya.

Alƙali ya juya wajen Baba ya ce tunda ya kawo shaida ɗaya adali, sai ya cika da rantsuwa a ba shi gonarsa. Masinja har ya miƙe zai kawo buta.

Baba yana durƙushe a kan tabarma, ya ce, "Allah ya gafarta Malam, gonar tawa ce, aro na bayar. Amma ba zan rantse ba."

Alƙali ya yi masa bayani a hankali, ya ce ko ya san abin da ƙin nasa zai jawo. Baba ya ce ya sani, an karanta masa a gida har ya haddace. Na miƙe ban san na miƙe ba. Masinja ya dube ni, alƙali ya dube ni, ƙanena ya ja mini riga. Duk abin da na koya yana bakina, kuma doka ta ce in haɗiye shi. Ban taɓa jin takaici irin na wannan tsayuwar ba. Na koma na zauna.

Aka juya wa yaron. Baba bai ko kalle shi ba, yana jiran ya ji abin da ya tabbata zai ji. Yaron ya dubi Baba, ya dubi ƙannensa da suka cika bakin ƙofa. Sannan ya ce a ba shi buta.

Na ga bayan Baba ya motsa kamar an taɓa shi da garwashi. Aka fita da yaron ya yi alwala, aka tafi masallacin da ke jikin kotun, mutane suka bi. Baba bai tashi daga tabarmar ba. Daga inda muke muna jin muryar yaron yana maimaita abin da ake faɗa masa, ya rantse da Allah wanda babu abin bauta wa sai Shi cewa gonar kyauta aka yi wa mahaifinsa. Da suka dawo alƙali ya yanke hukunci, bai ɗauki lokaci ba.

A hanyar gida kaina yana aiki. Shari'ar ba ta mutu ba. Mutumin da ba ya wurin ranar da aka yi abu, iyakarsa ya rantse cewa bai san aro ba ne, ba ya rantse a kan tabbas cewa kyauta ce ba. Wannan ƙofa ce babba. In muka ɗaukaka ƙara, mataki bayan mataki za ta kai Babbar Kotu a Kano, inda zan sa kwat ɗina in yi magana har in gaji. Na gaya wa ƙanena, na ga fuskarsa ta ɗan saki. Na ce masa ya yi haƙuri da damina ɗaya.

Na koma Kano na nuna wa maigidana, ya ce ina da magana mai ƙarfi, in hanzarta kafin wa'adi ya cika. Da na dawo ƙauye sai Inna ta tare ni a tsakar gida ta ce Baba ba ya cin abinci. Na ɗauka baƙin cikin gona ne. Ta ce a'a, duk wanda ya zo daga Maigatari sai ya tsare shi da tambaya, ko hanya lafiya, ko an ji wata mota ta faɗi.

Na same shi a zaure ya rame. Na yi masa bayanin ɗaukaka ƙara, ya saurara fiye da yadda ya taɓa saurarona. Ya tambaya ko a can za a sa shi rantsuwa, na ce mai yiwuwa ba za a kai ga haka ba. Ya tambaya me za a ce game da wadda yaron ya yi. Na ce za a ce ba ta inganta ba, a soke ta. Ya ce a takarda ke nan za a soke ta, a wajen Allah fa? Na ce wannan ba hurumin kotu ba ne.

Sai ya ce, "Lauya, yaron nan ya ɗora hannu a kan Alƙur'ani ya faɗi abin da ba haka yake ba. Bai sani ba, amma ni na sani. Kuma ni na tura masa butar."

Na ce masa shi bai tilasta kowa ba, yaron baligi ne. Na ce ya tuna da ƙanena da jikokinsa. Can ya ce gobe kasuwar Maigatari, in raka shi. Na yi murna a ɓoye, na zaci zai je ya yi wa yaron magana ta manya, ya nuna masa abin da ya ɗauka a kansa, ko ya ji tsoro ya sallama ba sai an je Kano ba.

Kasuwar ta cika maƙil, raƙuma da shanu da buhunan kanwa, ana ta ciniki da kuɗin ƙasa biyu. Muka ratsa har tashar manyan motoci. Yaron yana kan motarsa yana ɗaure tamfol. Da ya hango mu ya sauko da sauri, ya cire takalmi ya durƙusa, fuskarsa a tsorace. Baba ya amsa gaisuwarsa, ya tambayi uwarsa da ƙannensa. Sannan ya waiga ya kira wasu fatake biyu da ya sani tun da, ya ce su matso su zama shaida. A nan jikina ya ba ni.

Na ce, "Baba, mu koma gefe tukuna."

Bai dube ni ba. Ya ce wa fataken, "Ku shaida, gonata ta gindin gawo, wadda na ba uban yaron nan aro, yau na ba shi ita kyauta, shi da 'yan'uwansa, duniya da lahira. Babu mai binsa komai a cikin zuriyata."

Yaron ya ɗago kai a ruɗe, ya ce, "Baba, ai alƙali ya riga ya..."

"Alƙali ya ba ka a kan rantsuwa," in ji Baba. "Ni na ba ka a kan gaskiya. Ka je ka yi istigfari, ka riƙa tuƙi a hankali."

Ina tsaye ina lissafi irin namu, don kai ba ya daina aikinsa ko da zuciya na tafasa. Mai kyauta da hankalinsa, shaidu biyu adilai, wanda aka ba yana riƙe da gonar tun tuni. Babu abin da ya rage. Babu kotun da za ta warware wannan, ko ta alƙali ko ta Kano, da tsohuwar doka ko da sabuwa. Yaron ya fahimci abin da aka gaya masa a hankali, na ga lokacin da ya shige shi. Ya kifa kai a gwiwa, yana kuka. Fataken suka shafa fatiha. Ni ban ɗaga hannu ba, kuma na san Baba ya gani.

A mota na kasa riƙewa. Na ce masa ya kuɓutar da ɗan wani da abincin ɗansa. Ban taɓa faɗa masa magana mai nauyin wannan ba. Ya ce ya sani, kuma shi zai gaya wa ƙanena da bakinsa, kada in riga shi.

Mun tarar da ƙanena a ƙofar gida yana wasa fartanya, don hadari ya fara haɗuwa a gabas kwanakin nan. Baba ya zauna a kan dakali ya gaya masa komai, bai rage ba, bai kuma nemi ya wanke kansa ba. Ƙanena ya saurara har ƙarshe. Ya dube ni, ya tambaya ko maganar Kano tana nan. Na ce masa babu ita.

Ya jingine fartanyar a bango ya shiga gida. Muka ji ya buɗe rumbu. Ya fito da ƙunshin zangarniyar da ya zaɓa tun kaka, manya-manya, irin da ya ware don baƙar ƙasar gindin gawo, wanda ba ya yi a rairayi. Ya ajiye a gaban matarsa ya ce ta sussuke, a yi wa yara tuwo.